Ruwan Gwiwar Kawu

Ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwaji na asibiti, gwiwar Kawu ta kumbura. Likita ya zuƙo ruwanta da yamma, na kawo kwalbar gida Ƙofar Jatau na sa a firji. Da safe na tara 'yan'uwa a zaure, na ɗaga kwalba.

"Ruwan gaɓa mai ciwo gurɓatacce ne, tsululu. Wannan kuwa garau, ga yauƙi kamar kuɓewa. Kawu, lafiyarka ƙalau, raki ne kawai."

Sai ga muryar matata daga ciki: "Wa ya ɗauke mini farin ƙwan kek?"

Ashe a irin kwalabena take zubawa, nata na ɗauko.

Har Kawu ya bar duniya, in na gaishe shi sai ya ce, "Likita, ya jikin kazar?"