Tsintacciyar Magen Injiniya Ssebuliba

A kauce, a ba shi hanya, Injiniya ne tafe. Duk faɗin garin Masaka na ƙasar Uganda ba a taɓa yin kai irin na Fulgensio Ssebuliba ba. Shi ma ya sani, shi ya sa ba ya sa hular kwano, kar ta matse masa ilimi. Sauran 'yan boda, wato 'yan acaɓa, na tasharmu ta gindin mangwaro rigar aiki mai walƙiya kawai suke sawa su hau babur. Shi kuwa a ƙarƙashin tasa akwai kwat da laktaye, ga gilashin da ba na ciwon ido ba, ga jakar kwamfuta a baya ko da buhun gawayi ya ɗauko.

Sati uku cur ya yi yana koyon kwamfuta a Kampala. Da ya ga malamin ya fara faɗin abin da shi ya riga ya sani, sai ya tausaya wa bawan Allah ya dawo gida. A cikin motar dawowa ya naɗa wa kansa Injiniya. A bayan idonsa kuwa Injiniya Kwafi ake ce masa, don ko gaisuwa sai ya ji ta a bakin wani babba kafin ya yi ta.

To, shugaban tasha, dattijonmu Mzee Kyeswa, gwiwa ta ƙi, ya ce zai sauka. Aka sa zaɓe ranar Asabar ta ƙarshen wata. Zaɓen tasha ba ruwansa da takarda. Ɗan takara ya tsaya ya ba jama'a baya, mai sonsa ya yi layi a bayansa, wanda layinsa ya fi tsawo ya ci. Mutum biyu suka fito. Ga Injiniya, ga Nalwadda ƙanwata, mace ɗaya tilo mai tuƙa boda a tashar. Ita shekara biyu ta yi tana karatun kwamfutar, da takardarta, aiki ne ya ƙi samuwa ta rungumi babur. Amma mene ne shekara biyun mace a gaban sati ukun Injiniya?

Wata safiya ya hau kan akwakun lemo, ya ɗaga tsohon littafin tasha da yatsa biyu kamar ya kamo mataccen ɓera. A littafin nan Mzee ke rubuta sunan kowa da lambar babur ɗinsa, da lambar wayar wanda za a kira in mutum ya yi hatsari.

"'Yan'uwana jahilai, ina nufin 'yan'uwana masu daraja," in ji shi. "Duniya ta hau jirgi, ku kuna bin kaza da littafi. Ni Injiniya zan ɗora tashar nan a intanet. Bature a ƙasarsa zai danna waya ya ga fuskar Lubowa."

Lubowa, wanda ko matarsa ba ta cika son ganin fuskarsa ba, shi ya fara tafi.

Ku ji yadda gwani ya yi aikinsa. A intanet akwai wata irin kasuwa inda masu rubuta manhaja ke ajiye kayansu kyauta, kowa ya ɗauka. Akwai na ƙwarai a ciki, waɗanda idanu dubu suka duba. Akwai kuma waɗanda ba a san uban da ya haife su ba. Injiniya ya tsallake na ƙwaran duka, ya ɗauko wadda ke da hoton zaki a goshi, don ta fi kama da shi. Bai karanta layi ɗaya a cikinta ba. Babban mutum ba ya karatu, sa hannu yake yi. Ya goge sunan da ke sama ya rubuta nasa, ya manna hotonsa yana riƙe da haɓa.

Saura masaukin da za a ajiye shafin. Nan ma ya samo na kyauta, irin wanda ba mai gadi, ba wanda za ka kira in abu ya lalace. Adireshin shafin ya fi hanyar Mbarara tsawo. In ka buɗe, tallar caca ce a dama, tallar maganin ƙarfin maza a hagu, Injiniya a tsakiya yana tunani. Da aka tambaye shi tallace-tallacen, ya ce manyan kamfanoni ne suka fara rububin ƙulla hulɗa da shi.

Nalwadda tana zaune kan babur tana jiran fasinja ta buɗe abin a wayarta. Ba ta gama kofin shayi ba ta ga ɓarnar. Kalmar sirrin shiga ita ce wadda manhajar ta zo da ita, ko canzawa bai yi ba. Mafi muni, duk sunan da aka rubuta a shafin, manhajar sai ta aika kwafinsa wani wuri can da ba wanda ya sani, kamar tankin mai da aka huda ta ƙasa. Ta same shi a gaban mutane ta faɗa masa a hankali.

"Ssebo, yallaɓai, ko babur ka tsinta a hanya, ai sai ka buɗe inji kafin ka ɗora uwarka a kai. Tsintacciyar mage ba ta mage."

Injiniya ya cire gilashi ya hura masa iska ya goge da laktaye.

"Nnyabo, malama, wannan fannin ya fi ƙarfin takardarki. Abin da duniya ta gani a buɗe, duniya ta riga ta duba shi. Wa zai yi wa zaki sata? Hassada ga mai rabo taki ce."

Aka yi dariya, kuma ba shi aka yi wa ba. Gaskiya ɗaya ce, 'yan tasha sun ruɗe. Mutumin da bai taɓa ganin kansa ko a jarida ba, yau ga hotonsa a waya kusa da tallar caca. Mutum arba'in da uku suka yi layi Injiniya ya shigar da su, da hoton katin shaida, da lambar wanda za a kira ranar tsautsayi. Wannan ya ba da ta matarsa, wancan ta uwarsa, wani ta gwaggonsa da ta raine shi. Nalwadda kaɗai ta ƙi, sai ya sa mata suna Maƙiyiyar Ci Gaba. Kowa ya ɗauka zaɓe ya ƙare tun ba a yi ba.

Da aka zo kan gurbinsa shi kansa, sai ya tsaya ya yi wa jama'a bayani. Ya ce ya duba danginsa kaf, daga unguwar Nyendo har ƙauye, bai ga mai zurfin tunanin da zai iya ɗaukar labari a kansa ba.

"Lamarin babban mutum, babban mutum ake kira," in ji shi. Ya rubuta lambar wayarsa da hannunsa.

Asabar ta zo. Da hantsi an share gindin mangwaro, Injiniya ya yo hayar lasifika, ya canza laktaye zuwa ja. Sai ga Nnamuddu matar Lubowa a guje, takalmi ƙafa ɗaya, hannu a ka, tana kiran sunan mijinta. Ta iske shi zaune yana cin gurasar capati da ƙwai, har da neman ƙarin tumatir. Ta taɓa shi ta ji ɗumi, sai ta ɗauke shi da mari. Wai an kira ta yanzun nan an ce babbar mota ta take shi a hanyar Mbarara, yana asibiti, ta turo kuɗin jini ta waya kafin ya cika.

Ba ta rufe baki ba ga wata. Ga wata kuma. Kafin a ce kwabo gindin mangwaro ya zama gidan makoki, mamatan kuma suna tsaye suna ba da haƙuri. Wata ta bar tukunyar ayabar matoke a wuta. Wata ta riga ta tura abin da ke wayarta duka, ta zauna a ƙasa ta kasa ko kuka. Jjajja Nakabiri, tsohuwar da ta haifi Ssentongo ɗan tasharmu, ta karyar da akuyarta a hanya, ga igiyar nan a hannunta ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Abin da ya fi ƙona ran 'yan tasha, duk matan nan a babur ɗin 'yan tashar kasuwa suka zo. Abokan hamayya sun yi ciniki da gawarmu.

Da wani ne da ya ji kunya. Injiniya akwakun lemo ya hau, ya kunna lasifika.

"A kwantar da hankali. Shafina ƙarfe ne, ko sauro ba ya shiga. Wannan makircin masu takarda ne. Ni da masu zuba jari daga ƙasar waje za su kira yau ɗin nan..."

Kamar an aiko, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya buɗe murya ya kara ta a bakin lasifika don maƙiya su ji da kyau. Wata murya mai ladabi ta tambaya ko da ɗan'uwan Injiniya Ssebuliba take magana.

"Da wanda ya fi kowa kusa da shi," in ji shi, yana gyara kwat.

"Ssebo, sai haƙuri. Babbar mota ta take shi a hanyar Mbarara. Kansa ya fashe, ba ya gane kowa. Ka turo kuɗin jini yanzu."

Jjajja Nakabiri ta matso da igiyarta, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Tura masa mana, ɗana. Kar ka mutu ba mu gama da kai ba."

Nalwadda ba ta yi dariya ba. Ta ciro wayarta ta shiga shafin, ko tambayarsa kalmar sirri ba ta yi ba, ta rufe shi ɗungurungum, zaki da tallar caca da mai riƙe da haɓa. Ta gaya wa mutane gaskiya, cewa abin da ya fita ya fita, lambobin suna hannun ɓarayi. Kowa ya faɗa wa nasa, duk wanda aka kira da irin wannan labari ya fara kiran tasha tukuna. Ta ce tasha za ta zauna kan maganar akuyar Jjajja da ta matar da aka kwashe wa kuɗi. Mzee Kyeswa ya ɗauko tsohon littafinsa daga inda aka jefar, ya kaɗe shi a gwiwar da ta ƙi.

Sannan ya ce rana ta yi, a yi abin da ya tara mu.

Duk da haka Injiniya bai janye ba, a nan dole a yaba masa. Ya sauko ya tsaya gefen Nalwadda, ya ba jama'a baya, ya ɗaga haɓa. Yana jin takun ƙafafu tim-tim a bayansa yana murmushi, har yana gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwa. Layin Nalwadda ya zagaye mangwaro ya wuce mai capati ya fita titi. Matan da ba su da ƙuri'a ma sun shiga, ba wanda ya iya hana su.

Mzee ya ce 'yan takara su waiga. Injiniya ya waiga a hankali, irin na manya.

Rana tana tsaka. Ko inuwarsa ba ta tsaya a bayansa ba.