Ludayin da Na Wanke da Toka

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikar Kulu a Bungudu ba. Shekarar da aka jawo wutar lantarki unguwarmu a Tsafe ce, ban daɗe da fita takabar Malam ba.

Kulu aminiyata ce tun muna 'yan mata masu tallar fura. Ita ta raka ni ɗakin miji, ni na yanke wa ɗanta na fari cibi. Ƙwarya ɗaya muke sha da ludayi ɗaya, ta kurɓa ta miƙo mini.

Ana gab da sunan na je Gusau wajen ɗana. Matarsa ta ce ta ji likita a rediyo yana bayanin ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe, waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ya fita. Wai cuta ce, ana ɗauka, in ta shiga jiki ta zauna ke nan, kuma tana da 'yar'uwa mai fitowa a wurin da ba a faɗa. (Wannan na ƙarshen kaɗai kunnena ya riƙe.) Ni da tsufana, mijina na ƙasa, a ce na kwaso ciwon da ba a faɗa? Me za a ce na yi?

Ina shiga gidan suna, sai ga Kulu da ƙuraje jere a leɓenta na sama. Ta ja ni ɗakinta, ta ɗauko furar da ta dama mana da hannunta, ta sha, ta miƙo mini ludayi. Na karɓa. Na ce bari in kama ruwa tukuna, na fice da ludayin cikin mayafi.

Na zaga bayan rumbu inda mata ke tuƙa tuwo, na ɗebi toka, na durƙusa ina dirzar ludayi kamar an tsamo shi daga kwata. Ashe Kulu ta ga na bar buta, ta biyo ni da ita.

“Ƙawa, mi ludayina ya yi miki?”

Na ce, “Ƙuda ya faɗa ciki.”

Ta taɓa leɓenta. “Wanga ƙudan?”

Masu tuwo suka kwashe da dariya. Ta'allah, babbarsu, ta ce, “Hajiya, in kin ƙare ga tukwane nan suna jiran ki!” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kulu ba ta yi dariya ba. Ta aje butar ta koma. Da na shiga ɗaki, na tarar ta juye mini rabona a kwanon baƙi, ta ɗora cokalin ƙarfe a kai. Daga ranar, duk zuwan da na yi Bungudu da kwanon nan ake tarbar ni, har bayan bakinta ya warke sarai. Ba ta taɓa tada zancen ba, ni kuma girman kai ya hana ni.

Daga baya wata malamar asibiti ta ce mini mutane da yawa na ɗauke da abin tun suna yara ba su sani ba, wataƙila har da ni. Ta ce ba laifi a raba ludayi har ƙurji ya bushe. Ke nan ba tsoron ne laifina ba, ɓoyon ne. Da a ce na ce, “Kulu, ba ni wani ludayi, bakinki ya yi kamar gasasshiyar masara,” da ta zage ni, mu yi dariya, ya wuce. Wanda za ki iya zagi ido da ido, kada ki yi masa ladabi a bayan rumbu.

Kulu ta rasu ban ce mata ta yafe mini ba. Cikin matan da ke gidan ranar, saura ni da Ta'allah. Ta makance, amma da ta ji muryata a taro sai ta ce a kawo wa Hajiya toka.