Filin da Na Ce Babu Kowa a Maje

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban mutanen Maje na shaida musu cewa babu su.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfanin zanen hanyoyi a Abuja ba, ina haya a Kurmin Sarki tare da yayata. Duk mai bin hanyar nan da safe ya san mahaɗar da ke wajen Maje: tireloli, motocin ma'aikata, 'yan acaɓa, kowa so yake ya riga kowa. Gidaje sun ƙaru, hanya tana nan jiya i yau. Sai aka ba kamfaninmu aikin tsara gadar sama da hanyoyin da za su kewayo su hau ta. Ogana, Injiniya Bala, ya ba ni ɓangare ɗaya, ya ce in je in taka wurin da ƙafata kafin in ja layi. Na ce to, ban je ba. (Damina ce, ga laka, ga kuma hoton wurin daga sama a kwamfuta tas. Shekarar da aka ɗauke shi ce kawai ban duba ba.)

A hoton na ga fili fetal, na zana masa kwana mai kyau, har na nuna wa yayata tana tuƙa tuwo.

Ranar da za a yi wa jama'a bayani, a wata makarantar unguwa aka taru. Tun daga ofis har ƙofar ajin kaina na kan takarda ina hadda, ban ga ta inda direba ya bi da mu ba. Na shiga da hular kwano a kan mayafina (a cikin aji, inda ba abin da zai faɗo wa mutum sai alli). Mai unguwa na gaba a kujerar roba, shugabar makarantar, Madam Rifkatu, na gefensa, sauran mutane sun matsu a bencin yara.

Aka kunna majigi, na fara zuba, ina haɗawa da Turanci don a san an yi karatu. Da na zo kan kwanata sai na buga allo na ce su kwantar da hankalinsu, wannan wuri fili ne, babu gida, babu kowa, sai ciyawa da awaki.

Mai unguwa ya gyara zama. "'Yata, wancan baƙin abu a tsakiyar filin naki, mene ne?"

Na ce bishiya ce, Baba, ina jin mangwaro. Ya tambaya ko akwai falalen dutse a gindinta. Na duba, na ce akwai. Sai ya nuna taga da sandarsa.

"Kamar waccan?"

Na waiwaya. Ga mangwaro, ga falalen dutse, ga wata mata na shanyar barkono a kai. Bayansu kuma rufin kwano ne iya ganinka.

Sai Madam Rifkatu ta ce, cikin ladabi, "To Injiniya, wannan allo da kika jingina da shi, a sabon titin naki, a hannun masu zuwa Lambata yake ko masu zuwa Abuja?"

Dariyar da aka yi har da ogana, wanda ya rufe fuska da fayil. Ni kuwa zufa ta cika hular kwanon, na rasa inda zan ajiye idona. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata dattijuwa a bencin ƙarshe. Ta miƙe ta ce ita da marayun ɗanta suke bayan makarantar, tana son ta san ko da gaske za a rushe. Nan kunyar ta kai ni ƙasa. Na cire hular, na ce Mama ki yafe mini, ban zo na duba ba, laifina ne.

Na ɗauka korata za a yi. A mota, da muka shiga cunkoson mahaɗar, sai oga ya ce mai unguwa na jirana ranar Asabar.

Tsohon nan ya zagaya da ni lungu-lungu tun hantsi har azahar. Ya nuna mini rijiya, maƙabarta, da inda ruwa ke kwanciya. Duk gidan da muka shiga sai ya ce ga Injiniya ta zo gaida awaki. Dattijuwar ta ba ni dafaffiyar doya da manja, ta tsare ni sai da na cinye. Sabon zanen ya kauce wa makarantar da gidajen, ya bi ta wani tsohon ramin yashi da Baba ya nuna mini.

Tun daga ranar, in na ga fili a taswira sai na je har can na yi sallama. Sau da yawa akan amsa.