Yadda Ake Zagin Suruki da Bakin Ɗan Tsana

Laifin da za mu koya yau shi ne tsoro mai dogon harshe: mutum yana da magana a ciki, ba shi da ƙirjin faɗarta ido da ido. In kai ne, gyara zama. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka zagi surukinka a talabijin, jama'a na tafa maka. Wani da za mu kira Mai Baki ya gwada, ya ga aiki.

1. Nemi aikin ƙarƙashin tebur

Shirin barkwancin nan mai waƙa da baƙi da 'yan tsana za ka nema. Ɗan tsana mutum biyu ke sarrafa shi, suna kwance bayan ƙyallen tebur. Ɗaya ya zura hannu cikin kai, yana motsa baki yana magana, ɗayan ya riƙe hannaye. Kai ka kama baki. Haka Mai Baki ya yi, ya bar hannaye ga yayan matarsa, wanda ya samo masa aikin.

2. Tara haushi

Surukinsa, tsoho mai gyaran agogo, ya taɓa ce masa a gaban jikoki, "Ƙato da gemu, sana'arka wasa da tsumma?"

Mai Baki ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."

Kai ma ka ce haka ne. Ka haɗiye, ka adana, da sauran amfaninsa.

3. Ɗinka surukin naka

Soso, gemun auduga, da ɗan madubin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Ka raɗa masa suna Baba Tari. Ya riƙa tari kafin kowace magana, ya rufe da "Shirme ke nan," yadda tsohon ke yi. Da Mai Baki ya yi haka, cikin ɗan lokaci yara suka ɗauka, har ƙofar shagon tsohon suke zuwa su yi tari su ruga.

4. Musanta

Matar Mai Baki ta ce, "Baban yara, wannan tarin ai na Baba ne."

"Ke, wane tsoho ne ba ya tari?"

A ƙarƙashin tebur yayan ya raɗa masa, "Ka sassauta, ubana ne fa."

"Yaya, kai dai ɗaga hannu. Tsumma ne ke magana, ni mene ne nawa?"

5. Daina kallon ƙaramin allo

Wanda ke kwance ba ya ganin baƙon da aka zaunar, sai ta wani ƙaramin allo da ake ajiye masa kusa da fuska. Wannan na 'yan koyo ne. Gwani rufe ido yake yi don tarin ya fito daga ƙirji. Kai ma rufe naka.

6. Kada ka tsaya ko an mintsine ka

Ranar da mai gabatarwa ta gayyato tsofaffin masu sana'a, shiri na tafiya kai tsaye, wani baƙo ya yi tari. Mai Baki, ido a rufe, ya ɗauka tsokana ce, ya mayar masa da wanda ya fi shi. Yayan ya mintsine shi, shi kuwa Mai Baki sai ya ƙara wuta: "Ni ne mai gyaran agogon da bai san lokacinsa ya wuce ba."

Sai hannun Baba Tari ya tashi ya toshe bakin Baba Tari. Magana ba ta tsaya ba. Hannun ya sauka, ya kama ƙyallen tebur, ya yaye.

Mai Baki ya buɗe ido, ga kyamara, ga takalman da ya sani. Tsohon ya maƙala madubinsa, ya sunkuyo ya dube shi kamar agogon da ya sha ruwa.

"Sannu da aiki. Ƙarasa mana."

"Haka ne, Baba."

"Shirme ke nan," in ji tsohon. Ba a taɓa tafi a shirin nan irin na ranar ba.

Ga abin da ya rasa: aikin, don masu shirin sun ɗauki tsohon da kansa yana zuwa duk mako. Ɗan tsanan, don na gidan talabijin ne. Yayan ya daina amsa gaisuwarsa, matar ta kwashi yara ta koma gidan ubanta. Abin da ya rage masa ciwon kafaɗa ne, da tarin da ya kama shi da gaske.

Ni dai tafi na yi maka alkawari, kuma an tafa. In an yaye naka ƙyallen, kada ka ambaci sunana. Ban san ka ba, ban san surukinka ba.