Makin da Na Ba Kaina

A ƙarshen mulkin soja, ina koyar da rubuta manhajar kwamfuta a Sakkwato, aka saka ni a wani zauren masu sana'ar, inda ake tambaya da amsa ta imel. Na yi murna kamar an naɗa mini rawani. Dokar zauren ɗaya ce: in ɗalibi ya kawo aikin gida, a nuna masa hanya, kada a yi masa.

Rannan wani mai ɓoyayyen suna ya turo tambaya. Na ji ta kamar na santa, amma zumuɗi bai bar ni na tuna cewa ni na ba ɗalibaina ita ba. Na zuba masa amsa tsaf, na ƙara da, "Kai wa malaminka, shi ma ya ƙaru."

Bayan mako guda ina duba takardun ɗalibaina, na ci karo da wani aiki mai kuskure har huɗu. Na ba shi uku cikin goma, na rubuta da jan biro: "Wanda ya koya maka wannan ya cuce ka."

Washegari Bello, wani magidanci ɗalibina daga Ƙofar Marke, ya same ni gaban abokan aiki, riƙe da amsar da na tura zauren, an buga ta a takarda.

"Mallam, a yi haƙuri, wanga aiki ai kai kar rubuta shi."

Na daɗe da yin ritaya, amma har yau in na ba da shawara, sai abokai su gyara zama su ce, "To, ita wagga nawa ka ba ta cikin goma?"