Ranar da Aka Cire Mana Huluna a Kazaure

Ba zan taɓa mantawa da kwas ɗin hedimastoci da aka tara mu a Kazaure ba, a shekarun nan da kuɗin mai ya sa ake gina makaranta a kowane ƙauye. Ni ma a lokacin aka ɗora ni hedimasta a ƙasar Gwiwa, ba don yawan ilimi ba, sai don ni kaɗai ne malamin da ke da keke.

Jami'in da ya zo daga Kano ya ce zamanin bulala ya wuce. Nan na miƙe na zuba jawabi har da dukan ƙirji, wai ni ban taɓa taɓa ɗan kowa ba (Allah Ya yafe mini, tsumagiyata tana ɗaure a bayan keke). Jawabin ya burge shi, ya ce in fito in gwada darasi, sauran hedimastoci su zama ɗalibai. Ya sa kowa ya cire hula ya zauna a benci.

A cikinsu akwai surukina, hedimastan wata makaranta a Roni. Tun safe nake kauce masa, don ko ido ba ma haɗawa. Ga shi matata tana gidansa wankan jego, sai ya yarda za ta dawo.

Darasi ya yi daɗi, na shiga zagaya aji ta baya. Sai na hango wani kai a sunkuye yana gyangyaɗi. Jama'a, ƙeya in babu hula duk iri ɗaya ce. Kafin in yi tunani, hannu ya yi abin da ya saba. Ƙwas!

"Tashi, malalaci! Ɗakin uwarka ne nan?"

Kan ya juyo a hankali. Surukina ne. Ya shafa wurin, ya miƙe tsaye kamar ɗan aji ɗaya.

"A yi haƙuri, Malam. Ɗanka ne ya kwana yana kuka."

Aji ya kece da dariya. Ni dai na tsinci kaina a durƙushe, alli a hannu, ina ta "Baba, na tuba." Jami'in ya share hawaye ya ce, "To, ga sabon tsari: malami a ƙasa, ɗalibi a tsaye."

Sai da kawuna ya je Roni da goro aka ba ni matata, ita ma tana zuwa ta ce in cire hula ta ga ƙeyata.

Tun daga ranar, kafin in taɓa kan yaro sai na zagayo na ga fuskarsa. In kuwa na gani, hannun sanyi yake yi. Abin da na koyo a kwas ɗin ke nan.