Biko da 'Ya'yan Ludo Bakwai

Wani ne a Kankia, yana sayar da maganin feshi a bakin titi. Mutum ne mai bin ƙa'ida. In ka ce masa ga yadda ake abu, to ya riƙe ke nan, ko kai da ka faɗa ba ka isa ka sauya ba.

Kusa da rumfarsa akwai shagon Bishir tela, nan ake zaman majalisa bayan la'asar. Wata rana sai ga Malam Lucas, malamin gona na ƙaramar hukuma. Mutumin kudu ne, amma ya daɗe a garin har ya fi wasu Hausa. Ya zazzage wata 'yar jaka a kan tabarma, 'ya'yan ludo ne zalla, irin masu ɗigon lamba ɗaya zuwa shida da ake jefawa, ba allo.

Bishir ya ce, "Caca ce?"

Malam Lucas ya ce, "Ko sisi babu a ciki. Labari ne. Ni zan riƙa bayarwa, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. In mutuminka zai yi abu mai wuya, sai ka jefa. Wanda ya iya abin, 'ya'ya da yawa zai jefa. Wanda bai iya ba, kaɗan. In biyar ko shida ta fito ko a guda ɗaya ne, ka yi nasara. In ba ta fito ba, ka gaza."

Ya ɗauko takarda zai rubuta wa kowa ƙarfin mutuminsa da wayonsa da iya maganarsa. Bishir ya ce a ba shi ƙarfi biyar, ko kunya babu. Aka zo kan mutumin namu.

"Naka ƙarfinsa nawa?"

"To, alhamdu lillahi. Ana dai lallaɓawa."

"Lamba nake so. Daga ɗaya zuwa biyar."

Mutumin ya waiwaya ya dubi masu wucewa, ya rage murya. "Malam Lucas, a bakin titi zan zauna in ce ƙarfina biyar? Ka san bakin mutane. Rubuta ɗaya."

"Wayo fa?"

"Ɗaya."

"Iya magana?"

"Ɗaya. In Allah ya ga dama ya ƙara."

"Ba kai ba ne fa. Mutumin cikin labari ne."

"Shi bai da maƙiya?"

Malam Lucas ya rubuta ɗaya sau uku.

Aka fara. Matafiyan labarin suka iso bakin rafi, ya kawo ruwa. Bishir ya watsa 'ya'ya biyar, shida ta fito, ya haye. Aka miƙa wa mutumin guda ɗaya. Ya dube shi a tafin hannunsa, ya dubi Malam Lucas.

"Ba gyara?"

"Ba tumatir ba ne."

Ya jefa, biyu ta fito. Ruwa ya tafi da takalman mutuminsa.

Cikin mako guda mutumin nasa ya faɗo daga kan jaki sau uku. Ya gaza buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Ya je gidan suna zai yi barka, ya jefa, ɗaya ta fito, Malam Lucas ya ce ta'aziyya ya yi musu. Majalisa ta yi ta dariya har Bishir ya ɗinke aljihun wani. Mutumin namu kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya girgiza kai kawai ya ce, "Abin nan akwai gaskiya. Ba ya duba fuskar kowa."

Ranar kasuwa ya sayi ludo sabo da ƙarin 'ya'yan jefawa masu yawa, ya ba makwabta allon, ya zuba 'ya'yan a aljihu.

Ana nan damina ta faɗi. Iska ta ɗaga kwano ɗaya a rufin ɗakin matarsa Haulatu. Da hantsi ta ce, "Malam, ga hadari can yana haɗowa. Ka hau ka buga ƙusar nan."

Ya ce, "To."

Ya jingina tsani. Ya ɗauko guduma. Ya tsuguna a gindin tsanin, ya zaro ɗan ludo guda ya jefa a ƙasa. Uku. Sai ya kwanta a wurin, ya riƙe ƙugu.

Haulatu ta fito da gudu. "Lafiya?"

"Na faɗo."

"Daga ina?"

"Daga sama."

"Yaushe ka hau?"

"Ai da na hau da abin ya fi haka muni. Kawo mini man zafi."

Da azahar ruwa ya sauko. Ya jiƙa katifa, ya jiƙa akwatin kayanta, ya jiƙa garin tuwon mako guda. Ruwa na ɗaukewa Haulatu ta saka hijabi, ta tari mota, sai gidan ubanta a Yashe.

Kwana huɗu mutumin yana cin ƙosai safe da rana. Ran na biyar ya samu Malam Lucas a shagon Bishir, ya zauna, ya gyara hula.

"Malam Lucas, mutum zai je biko. Iya maganarsa ɗaya. Guda nawa zai jefa?"

"Wane mutum?"

"Wani dai."

Malam Lucas ya riga ya ji labarin tsanin, duk Kankia ta ji. Ya buɗe baki zai ce wasa daban rayuwa daban, sai ya tuna da wa yake magana. Sai ya ce, "A ƙa'ida, duk abin da zai taimaka wa mutum ana ƙara masa ɗa guda a kansa. In ya tafi da goro, guda."

"Biyu ke nan."

"Turmin atamfa, guda. Dattijon da zai yi magana a madadinsa, guda. In kuma ya kira kafinta ya gyara rufin kafin ya tafi, guda biyu."

Mutumin ya ƙirga da yatsu. "Shida. Ba gyara?"

Malam Lucas ya dubi Bishir, Bishir ya dubi keken ɗinki. "Je ka, bakwai."

Duk ya yi. Kafinta ya buga rufi. Ya sayi goro fari manya, ya sayi atamfa, ya je Kafin Soli ya ɗauko kawunsa Jaji, tsoho mai sanyin baki wanda ya sha sasanta aure. Suka sauka Yashe da hantsi, suka yi sallama a zauren surukin, Malam Ɗanmaliki. Mutumin ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shuka. Jaji ya tura goro gaba, ya yi gyaran murya zai fara.

Malam Ɗanmaliki ya ɗaga hannu. "Malam Jaji, kada ka wahalar da bakinka. Tun shekaranjiya na yi ma yarinyar nan faɗa. An ce mani ya gyara ɗakin. Magana ta wuce. Na haƙura, ita ma ta haƙura, kayanta ma a ɗaure suke. Ku sha hura ku ɗauki matarku ku tahi."

Jaji ya ce, "Madalla. Allah shi saka da alheri." Ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Mutumin ya ce, "Kawu, dakata."

Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro 'ya'yan ludo, ya ƙirga bakwai a hankali, ya haɗa tafukansa ya karkaɗa, ya watsa a kan tabarmar surukinsa. Guda ya gangara ya shige ƙarƙashin buzu, ya bi shi da rarrafe ya ɗaga gefen buzun ya duba.

Biyu, ɗaya, huɗu, uku, uku, ɗaya, huɗu. Malam Lucas ya lissafa daga baya, ya ce a jifa ɗari irin wannan bai fi shida su fito haka ba.

Mutumin ya daɗe yana kallonsu. Ya yi ajiyar zuciya.

Malam Ɗanmaliki ya ce, "Mi ke nan?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ka yarda ba."

"Ban yarda da mi ba?"

"Da bikon. Ba ka haƙura ba."

"Yanzu na ce maka na haƙura."

"Haka ka ce, Baba. Amma duba. Ko biyar ɗaya babu."

Jaji ya matso ya daƙune shi a cinya. "Kai, tattara tarkacen nan ka yi godiya."

"Kawu, ni ma na so a ce ya yarda. Guda bakwai fa aka ba ni har da gyara. Amma ga shi a fili, Baba fushi yake."

"Ni ba ni fushi!"

"Kana yi, Baba."

"Na ce ba ni yi!"

"To ga shi muryarka ma ta fara nunawa."

Daga bayan ƙofar cikin gida aka ji an dire ƙullin kaya a ƙasa. Muryar Haulatu ta ce, "Baba, ka gani da idonka ko? Wannan ne ka ce in yi haƙuri da shi."

Malam Ɗanmaliki ya miƙe. Tsoho ne, amma manomi ne, kuma sandarsa tana jingine a kusa. Goron ya fara fita ta ƙofar zaure, atamfa ta biyo, sannan Jaji, sannan mutumin, takalmansa a hannu. Ba su tsaya ba sai bakin titi.

Jaji ya dafa wata bishiya yana haki, hularsa ta faɗi a hanya. Da ya samu numfashi ya ce, "Shekara arba'in ina zuwa biko, ba a taɓa bi na da sanda ba sai yau. Mutum ya ba ka matarka da bakinsa!"

Mutumin ya sa takalmansa, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Kawu, ai Allah ne ya rufa asiri na duba. Da na biye wa bakinsa, da yanzu na ɗauko 'yar mutane ba da yardar ubanta ba."